Tabita da Ɗiyar Malam Mamuda

Tabita mai daddawa ba 'yar Ƙanƙara ba ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Sabuwa ta gudo, shekarar da 'yan bindiga suka kashe mijinta a gona. Kirista ce, 'ya'yanta sun watse Kaduna neman abinci, ita kuma ta kama ɗaki biyu a bayan kasuwa tana dafa kalwa. A nan ta fara karɓar 'yan matan da suka dawo daga daji aka rasa yadda za a yi da su.

Shafa'atu ce ta huɗu. Shekarunta goma sha shida, wata bakwai ta yi a hannun mutanen daji, ta dawo da ciki. Ubanta, Malam Mamuda na 'Yargoje, da ya sayar da shanun nomansa ya fanso ta, ya kasa haɗa ido da ita. Uwarta ce ta kawo ta da rana tsaka.

"Iya Tabita, ki riƙe mani ita," ta ce tana kuka. "Ta daina cin abinci. Jiya a bakin rijiya na iske ta."

Ranar Tabita ta rufe rijiyar gidan da kwano ta danne da dutse. Da ludayi take ba yarinyar kunu, ita ke kai ta awo asibiti, ko ban ɗaki za ta sai ta raka ta. Wata biyu ba ta ji muryarta ba. Da Shafa'atu ta haifi namiji, kai ta kawar, sai da Tabita ta durƙusa tana roƙonta kafin ta ba shi nono.

Saura kwana biyu suna babu mai raɗa wa jaririn suna, kuma wannan ba hurumin Tabita ba ne. Duk da haka ta hau mashin har 'Yargoje. Ta iske Malam Mamuda a zaure, ta gaishe shi.

"Malam, ɗiyarka ta sauka lafiya. Suna na zo nema."

"Mi kike so in ce wa mutane? Ɗan wa zan ce?"

"Jikanka za ka ce. Ita ba ta kai kanta daji ba."

Ya rufe fuska da hannun riga. Ta jira har la'asar, sannan ta koma gida ba ta samo sunan ba.

Ranar suna uwar Shafa'atu ta zo da wani limami, aka sa wa yaron Muhammad Auwal. Da suka tafi, Shafa'atu ta ɗago kai.

"Iya, Baba bai zo ba?"

Tabita ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. A ranta ta ƙudurta ran Juma'a za ta koma 'Yargoje, ko da zai kore ta.