Uwar Tsaki Ta Tafi, Wuta Ba Ta Dawo Ba

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, goma sha bakwai ga watan Agusta, da la'asar, Allah ya karɓi ran baiwarsa wadda duk yankin nan ya sani da Uwar Tsaki, mai ƙyanƙyasar ƙwai ta bayan makarantarmu. Ta rasu a ɗakin aikinta, tana zaune a kan benci, bayan guguwar da ta karya turakun lantarki ta bar garuruwanmu cikin duhu. Ina rubuta wannan ne a bakin tagar ajina, domin har yanzu wutar ba ta dawo ba.

Inna, ni nake koyar da aikin gona a makarantar da ke maƙwabtaka da gidanki, kuma shekaru da yawa muna aiki ɗaya, ni da alli, ke da ƙwai. Duk shekara nakan kawo miki ɗalibaina su ga yadda injin ƙyanƙyasa yake aiki. Ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Kikan ɗauko ƙwai ɗaya, ki haska shi da tocila, ki kira su ɗaya bayan ɗaya su leƙa jijiyoyin da ke ciki. Na tuna yarinyar da ta ga ɗan abu yana motsi a ciki ta yi tsalle da baya tana cewa, "Malam, wallahi da rai!" Kika yi dariya har kika riƙe gefen tebur, kika ce, "To 'yar nan, ke da kike soya 'yan uwansa kullum, yau dai ga shi kun haɗu. Gaishe shi mana."

Abu ɗaya ne ba kya wasa da shi, shi ne ƙofa. Sanyi ne babban abokin gaban ƙwai a wurinki. Kin toshe kowace kafa ta tagar ɗakin nan da tsumma, kin manna kwali a ƙarƙashin ƙofa. Duk wanda ya shigo ya bar ta a buɗe zai ji muryarki: "Kai, wutsiya gare ka da ba ta gama shigowa ba? Ja mini ƙofa!" Har ni ban tsira ba. A gaban ɗalibaina kika taɓa faɗa mini haka, suka yi mako guda suna duba bayana suna ƙyalƙyatawa.

Alherinki kuwa ba ya lissafuwa. Matar da mijinta ya rasu takan wayi gari ta ga kwali a ƙofarta, 'yan tsaki suna kuka a ciki, ba wanda ya ce daga ina. Tsakon da ya fito da rauni ba kya jefar da shi, a cikin zanenki kike naɗe shi ki yi ta aiki da shi yana ɗumi. Mijinki, tela mai yawan barkwanci, yakan gaya wa masu kawo ɗinki, "Kada ku kira ni maigida. A gidan nan kaza ce mai gida, ni ɗan haya ne."

Abin da ya fi damun mu, ni da ke, shi ne tafiyar samari. Duk shekara muna yaye yara masu kai da ƙarfi, kafin damina ta zagayo sun hau mota sun nufi birni, wasu ba a ƙara jin labarinsu. Bana wasu daga cikinsu suka haɗa ƙungiya za su gwada kiwon kaji, shugabansu wani tsohon ɗalibina da ake kira Dogo. Shi kansa Dogon ya riga ya ɗaure jakarsa lokacin da kika tare shi a hanya. Kika ce, "Ɗana, ka ba ni ƙyanƙyasa ɗaya tak. In tsaki suka fito ka ga babu hanya a ciki, ni da kaina zan raka ka tasha, in ɗaukar maka jakar." Ya ce, "Inna, jakar fa da nauyi." Kika ce, "Ba ta kai ka nauyin kai ba."

Ya zauna. Suka gina akurki da hannunsu a filin bayan makaranta, suka bi gida-gida suna tattara ƙwai daga kajin iyayensu, kowa ya yi wa nasa alama da fensir. Ke kuma kika ɗage taki ƙyanƙyasar, kika ba su injin gaba ɗaya. A wannan watan na ga abin da na daɗe ban gani ba: samari suna gardama a kan abin da za su yi baɗi a garinsu.

Saura 'yan kwanaki tsaki su fito guguwar ta zo. Da yammacin Lahadi ne. Iska ta yaye rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, ta kwantar da turakun lantarki a kan hanya kamar kara. Ruwa ya bi bayanta kamar da bakin ƙwarya, ya cinye gadar da ta haɗa mu da babban titi, motar ma'aikatan wuta ta rasa ta inda za ta tsallako. Famfon rijiyar burtsatse ya tsaya, injin niƙa ya yi shiru, firijin magani na ɗakin shan magani ya huce, wayoyin hannu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana ta kansa. Ke kuwa hankalinki yana kan ƙwan yaran nan, domin kin san in suka huce sun mutu, kuma in suka mutu babu abin da zai riƙe masu su.

Kika lulluɓe injin da barguna, kika jera kwalaben ruwan zafi a gefensa, sannan kika taka cikin taɓo har shagon ƙanin mijinki mai walda, kika aro janareta. Aka ajiye ta a ƙarƙashin rumfar da ke ƙofar ɗakin, aka ja waya ciki. Injin ya dawo da ɗuminsa. Na zo duba ki ranar Talata, na same ki idanu jajur don rashin barci, amma kina murmushi. Kika kara mini ƙwai ɗaya a kunne, na ji ɗan ƙwanƙwasa a ciki. Kika ce, "Ka ji shi? Sallama yake yi."

Ranar Laraba da hantsi iska ta dawo da ruwa, ta ɗauke rumfar. Janaretar ta aro ce, kuma ke ba mai barin kayan mutane su lalace a hannunki ba ce. Ke da 'yarki kuka ja ta zuwa cikin ɗakin. Dogo ya zo zai zauna tare da ke, kika kore shi: "Uwarka tana kwana a cikin ruwa, kai kana gadin ƙwai? Tafi ka rufa mata ɗaki. Nan ina nan." Ya tafi. 'Yarki ta koma kicin. Ke kuma kika yi abin da kika yi duk rayuwarki don kare ƙwai daga sanyi. Kika ja ƙofa.

Mijinki yana ɗakin ɗinkinsa yana jin ƙarar janaretar. Ya gaya mini daga baya, "Malam, muddin ina jin ƙarar nan hankalina a kwance yake. Cewa na yi a ƙyale ta, ko ta samu ta runtsa." Da la'asar 'yarki ta je tashe ki salla, ta same ki jingine da bango, kanki a sunkuye kamar mai gyangyaɗi. Babu waya mai caji da za a kira kowa, babu gadar da za a bi zuwa asibiti. Ma'aikacin lafiya ya iso a ƙafa, jiƙe sharkaf, ya duba ki ya girgiza kai. Ya ce hayaƙin janareta ne, irin wanda yake cika rufaffen ɗaki ya sa mutum barci, barcin da ba a farkawa.

Aka kashe janaretar, aka buɗe ƙofa, aka zare tsummokaran taga. Ba wanda ya tuna da ƙwai, kuma wa zai zargi wani? Sai bayan an kai ki makwancinki yaran suka shiga ɗakin. Dogo ya riƙa ɗaukar ƙwan ɗaya bayan ɗaya yana karawa a kunne. Ba motsi. Ya fasa guda, sai ga tsako cikakke, da baki da farce da gashinsa, a naɗe, sanyi ƙalau. Suka haƙa rami a bayan akurkin da suka gina, suka zuba su duka.

Jiya Dogo ya same ni a aji. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, in an gyara gada zan tafi." Na ce, "Kai kaɗai?" Ya ce, "Mu duka." Ni ne fa nake cika musu kunne da zancen haƙuri da sake gwadawa. Me zan nuna masa? Garin da iska ɗaya take mayar da shi baya shekaru, har mace ta mutu tana ƙoƙarin riƙe ɗumin ƙwai? Na dai miƙa masa hannu. Ya riƙe ya daɗe, sannan ya juya.

Inna, ban san wanda zai ƙara tare yaro a hanya ya ce masa ya dakata ba. Ni dai ƙarfina ya kasa. Abin da ya rage mini shi ne roƙo ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi: har yanzu ana ruwa, har yanzu babu wuta, kuma ina jin ƙarar janareta a cikin gidaje. Ku fitar da ita waje. In ruwa zai lalata ta, ya lalata ta.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka yi mata rahama, Ka yalwata ƙabarinta Ka haskaka shi. Ka sa tausayin da ta nuna wa ƙananan halittunKa da 'ya'yan mutane ya zame mata nauyi a mizani, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, da 'yarta wadda ta taya ta jan janaretar nan ba tare da sanin komai ba, Allah Ka cire mata zargin kai daga zuciya, da ƙanin mijinta wanda ya ba da aro da kyakkyawar niyya, da sauran dangi da maƙwabta. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Yaran da za su tsallaka gada kuwa, ya Allah, mu mun kasa riƙe su, mun bar Maka su a hannunKa. Amin.