Baba Barau Wanzami da Zaren Cinyata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Yuli, 1978, ina gona aka zo aka ce ka rasu, Baba Barau, wanzamin Gafasa. Na yar da fartanya na zuba a guje. Ni Badaru, da gudu! Wallahi ko a hanyar sai da na tuna wanda ya bar mini ƙafar.

Ka tuna daminar da bijimin huɗa ya farke mini cinya? A asibiti a Kano aka ɗinke, aka ce in ciwon ya haɗe in koma a cire zare. Ciwo ya haɗe, ruwa kuma ya cinye hanyar Gaya da muke bi zuwa Kano, ba mota. Zare ya fara nutsewa cikin nama, wurin ya yi ja. Matata Hindatu ta kasa cin abinci, don kowa cewa yake ƙafar nan sai an yanke.

Sai ga ka da zabirarka, kana dariya. Ka duba, ka danna, ka tambayi duk abin da likita ya faɗa. Ka sa aka tafasa ruwa, ka jefa almakashi da hantsakin cire ƙaya a ciki. Ka ɗaga ƙulli, ka datse daf da fata, ka zare ta ɗaya gefen don dattin waje kada ya ratsa nama. Ni kuwa na kwarma ihu tun almakashin bai taɓa ni ba!

Ka ce, "Kai, ragon banza! Jariran da nake cire wa beli sun fi ka zuciya. Riƙe ƙafar nan da kyau, ita za ta kai ni kabari."

Da zaren ƙarshe ya fito, Hindatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Na yi murnar da ban taɓa yi ba. Daminar nan da kaina na ƙarasa noma.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Matarka Inna Hure da ɗanka Bubayero, Allah Ya ba ku haƙuri.

Baba, ranar jana'izarka mutane sun yi ta neman in ba su gefen makara, na hana. Ƙafar ta kai ka.