Jitar da Mma ta yi wa ƙunshi

Shekarun baya can, Gana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ina saurayi mai ji da kansa, ina koyon gyaran wayar mota a Abossey Okai. Ni da mahaifiyata muke zaune a Nima, a gidan haya mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, irin gidan da in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabta ne za su yi maka addu'a. Ku da kuka dame ni da tambaya kan jar jitar da kuka hango rataye a bayana cikin hoto, ku gyara zama, ga labarinta.

Mahaifiyata Bakatsiniya ce, aure ya kawo ta kudu, mahaifina kuma ɗan fataucin goro ne, ya rasu tun ina ƙarami. Da safe tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, amma abin da aka fi saninta da shi a Zango shi ne lalle. Ba a kai amarya a unguwarmu ba ita ta yi mata ƙunshi ba. Kuma tana da wata aƙida: duk wadda ta sa wa lalle ta zama 'yarta ke nan har abada. Ko shekara nawa aka yi da bikin, in miji ya taɓa yarinya, mahaifiyata za ta yafa mayafi ta tafi jin ba'asi.

Abokina kafinta ne a Maamobi, Badagombe haifaffen Zango. Wata Lahadi da rana aka kira shi gyaran benci a wani gidan rawa, na bi shi da sunan riƙe masa zarto. Muka tarar da makaɗan hailaif suna gwaji. A nan na fara ganin jita mai lantarki: falankin katako kawai, ba ciki ba rami, da waya ta fito daga gindinta ta shige akwatin magana. Da mutumin ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai da na ji ta a haƙorana. Ni dai ban riƙe zarton nan da kyau ba ranar, abokina shaida ne. A trotro, motar haya, muna komawa na ce masa sai na yi irinta da hannuna.

"Cale, kai ka sha wani abu ne?" in ji shi, don haka abokai ke kiran juna a can. Amma kafin mu sauka ya riga ya fara lissafin irin katakon da zai dace.

Matsalar tana gida. Da na faɗa wa mahaifiyata, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Mu ba mu gaji kiɗa ba," ta ce. "Ubanka goro ya sayar, kakanka allo ya riƙe. Ka sassaƙa abin da ka ga dama, hannunka ne. Amma ran da na ji kukan abin nan a gidan nan, da shi zan hura wutar kokona."

Wanda ya san ta ya san ba ta magana biyu. Sai dai ni na san abin da ba ta sani ba: jita mai lantarki, in ba a haɗa ta da akwatin magana ba, sautinta bai fi na sauro ba. Zan iya kaɗa abata a ɗaki ko ɓera bai ji ba. Na fita ina murmushi, ina ganin duk Nima babu mai wayona.

Aiki ya ɗauke mu damina guda da ɗoriya. Abokina ya samo falankin madaci daga wata tsohuwar ƙofa, ya yanka, ni kuma na zauna bayan ɗaki ina goga da samfefa har yatsuna suka yi kanta. Wuyan jitar ne ya fara kunyata ni. Akwai 'yan ƙarafan da ake gindayawa a wuyan jita, inda yatsa ke dannawa, sai na jera su da tazara daidai wa daida kamar matakalar tsani, don a ganina haka ya fi tsari. Da na ɗaura tsirkiya ɗaya na gwada, ko akuya ta fi ta daɗin murya. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya koma gidan rawan da sunan duba bencin da ya gyara, ya lallaɓa ya auna wuyan jitar mutane da zare, yana ƙulli a kan kowane ƙarfe. Da zaren nan mai ƙulle-ƙulle muka sake sabon wuya.

Ɓangaren wuta kuwa, wato abin da zai ɗauki sautin tsirkiya ya kai akwatin magana, nawa ne, nan nake da baki. Na ciro maganaɗisu daga matattun sifikun mota, na warware siririyar wayar tagulla daga tsohon kwayil, siririya kamar gashi. Wani tela ya ara mini keken ɗinkinsa na hannu, na ɗaura maganaɗisun a jikin ƙafar keken ina juyawa a hankali wayar tana naɗuwa. In ta tsinke, a koma farko. Ta tsinke har telan ya daina yi mini jaje. Ran da na gama, muka haɗa a bayan rediyon abokina mai batir, a ramin da ake sa garmaho, na ƙwanƙwasa da sukuddireba, rediyo ya ce ƙwas. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Saura kwalliya, kuma a nan na tafka ta biyu. Na kwaso ragowar jan fentin mota daga wurin aiki na lafta mata, mai kauri, don ta yi sheƙi. Ga damina, ga danshin teku. Fenti ya ƙi bushewa, ya yamutse, ƙudaje suka zo suka maƙale a ciki. Dole na kwance duk wayoyi da ƙarafa na kankare shi da fasasshiyar kwalba. Katako ya fito fari-fari, dabbare-dabbare, duk ƙarzuwa. Na jingine shi bayan ƙofa na tafi aiki raina a ɓace.

Da na dawo da la'asar babu shi. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan ɗaki. Sai na hango murhu yana ci, tukunya a kai, mahaifiyata tana tura itace. Na ruga wurinta.

"Mma," na ce, "ai bai yi kuka ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya ce ya yi? Shiga ɗakina, kuma kada ka taɓa."

Na shiga. Ga katakona kwance a kan tabarma, an lulluɓe shi da ganye, an naɗe da tsumma an ɗaure tam, yadda take ɗaure ƙafar amarya. Ɗakin duk ƙanshin lalle. Ashe ta gaji da ganin sa ne.

"Kullum in wuce in ga abu kamar diddigen mai kaushi," ta ce daga waje. "Ko itacen wuta ne, in a gidana yake, ba ya zama da muni haka."

Sau da yawa ta kwance ta sake sa sabon lalle, tana ɗaga shi ga rana tana duba kamun. Da ya yi mata, ta wanke, ta bari ya sha iska a inuwa, ta bi shi da man kaɗe tana murzawa da tafin hannu. Launin da ya fito, ja mai duhu da jijiyoyin itacen suna bayyana a ciki, babu fentin da zai ba ka shi. Na mayar da wayoyi da ƙarafa, na sayo tsirkiyoyi a wajen kasuwar Makola na ɗaura. Niyyata in kai ta Maamobi ranar Lahadi in ji muryarta a can, nesa da murhu.

Kafin Lahadin, wata yamma ina zaune a ƙofar ɗaki ina kaɗa ta shiru-shiru, sai maƙwabciyarmu ta matso. 'Yar Asante ce mai sayar da kifi, mai baki kamar reza, ita da mahaifiyata kullum suna tsokanar juna. Ta kara kunne, ta ƙara matsowa, sannan ta tafa hannu.

"Ei, Mma! Ɗanka ya sha wahala banza o. Abin ya yi kyau paa, amma bebe ne. Duk wata da watanni, bebe ya haifa!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Ni kuwa na rasa ta yi. In na ce tana magana, ga murhu. In na yi shiru, na amsa sunan wanda ya ƙera bebe. Na sunkuyar da kai ina murɗa kunnen jita kamar akwai abin da nake gyarawa.

Mahaifiyata tana tsince wake. Ta ajiye faifan a hankali. Abu ɗaya ne ba ta iya haɗiyewa a duniya, a ce ɗanta bai iya ba.

"Ke dai kifi kika sani," ta ce. "Kin taɓa ganin amaryar da na yi wa ƙunshi ta buɗe baki haka kawai? Ba bebiya ba ce. Bakinta ne ba a saya ba."

Ga waɗanda ba su sani ba, a al'adarmu in an kai amarya ba ta cewa uffan sai abokan ango sun ba da ɗan abin da ake kira sayen baki. Mahaifiyata ta juyo gare ni. "Ina abokin angon? A kira shi."

Ban san lokacin da na isa Maamobi ba. Abokina ya saɓo rediyonsa a ka, muka tsaya a hanya ya sayi goro da alewa da 'yar kwalbar turare. Ya shigo gida ya tsuguna gaban mahaifiyata da ladabi kamar gaske.

"Mma, mun zo biko. A taimaka a ba mu baki."

"Biko na mai yaji ne, sakarai. Sayen baki ake cewa." Ta juya goron a hannu ta taɓe baki. "Wannan 'yar tawa ta sha lalle, ba ta arha ba ce."

Aka yi ta ciniki, matan gida suna zuga, har maƙwabciyar ta ƙara da kifi mai kyau daga kwandonta don dai ta ga ƙarshen abin. Sannan mahaifiyata ta ce an sallama.

Na durƙusa ina haɗa waya ina addu'a a zuci, don ni kaina ban taɓa jin ta ba, kuma in ta ƙi, a gaban kowa za ta ƙi. Na matso kusa da mahaifiyata na yi ƙasa da murya.

"Mma, wutar koko fa?"

Ta harare ni. "Ka taɓa ganin na sa wa 'ya lalle, na kuma jefa ta a wuta?"

Abokina ya murɗa rediyo. Farko wani ƙugi ya tashi, kaji suka watse, wata tsohuwa ta yi salati. Na dafe tsirkiyoyin ya lafa. Sannan na taɓa ɗaya, sauti ya fito garau, ya cika tsakar gida ya haura katanga. Maƙwabciyar ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah da Turanci da yarensu na Twi. Na kaɗa ɗan hailaif ɗin da na iya, yara suka fara rawa, ni ko baki har kunne.

Mahaifiyata ba ta motsa ba. Da na tsaya ta ce, "Hayaniya dai. Ba ta iya ta mutane ba?" Sai ta fara wata waƙa ƙasa-ƙasa, wadda ake yi wa amare a garinsu lokacin wankin lalle, wadda na sha ji tana yi in tana aiki. Na bi ta da yatsa ina lalube, na ɓata, na dawo, har na kama. Muka tafi tare, ita da baki ni da waya. Can sai na ji ni kaɗai nake yi. Na ɗago, na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana duban wani wuri da ba Nima ba. Tun da aka kawo ta amarya ba ta sake taka Katsina ba, kuma sai ranar na yi tunanin haka.

Ta share ido ta ɗauki faifan wakenta. "To, ta yi baki," ta ce. "Amma ba a fita da ita roƙo, kuma in an kira salla ta yi shiru."

Na riƙe mata wannan. Ban zama makaɗi ba, wayar mota na ci gaba da gyarawa har ƙarfi ya ƙare, kuma ban yi da-na-sani ba. A gida nake kaɗa abata, yawanci in mahaifiyata ta ce, "Ɗauko 'yar nan ta ɗebe mana kewa."

Da ina ganin wayona ne ya tsirar da jitar nan daga murhu. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na gane ita ce ta nemo mana hanya, yadda ba ta karya maganarta ba, ba ta kuma karya mini zuciya ba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, abokina ma ya bi ta. Yatsuna yanzu sun yi tauri, ba kasafai nake kaɗawa ba, amma nakan sauko da ita in shafa mata man kaɗe yadda na ga ana yi. Amaren da Mma ta yi wa ƙunshi a Zango ba su ƙirguwa, kuma duk lallensu ya goge kafin su gama cin amarci. Wannan ce kaɗai har yau nata bai fita ba.