Bencin Kawu

Jiya mai adaidaita-sahu ya bi da ni ta Unguwar Rimi, sai na hango dogon bencin Kawu jingine da katangar gidansa, ruwan sama ya cinye fentinsa. Na ce a tsaya in sauka.

Marigayi Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya yi jakada a Amurka, daga baya ya yi sanata. Ɗabi'a guda ya dawo mana da ita daga yawon nan: ba ya barin masu rigima su zauna suna fuskantar juna. Sai dai kafaɗa da kafaɗa, a benci ɗaya.

Da Baba ya rasu, ni da Yaya Sani muka daina gaisawa kan wanda Hajiya, mahaifiyarmu, za ta zauna a wurinsa. A bencin nan Kawu ya zaunar da mu, ƙamshin na'a-na'a yana tashi daga butar shayinsa.

Yaya ya ce, "Kawu, bari in ɗauko kujera."

"Zauna, Sani. In kana kallon fuskarta, amsa kawai za ka riƙa shiryawa. Ku kalli mangwaron can tare, ku yi magana."

Muna kallon mangwaro muna magana, har na ji kafaɗar Yaya tana rawa. Ashe kuka yake yi.

Tun sallar bara mun sake ɓatawa, kuma yanzu babu mai zaunar da mu. Na daɗe ina shafa katakon.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma ya ba ni ƙarfin halin kiran Yaya, in ce masa bencin yana nan.