Malam Babayo da Guntun Ganuwarmu

Shekara talatin da ɗaya Malam Babayo ba ya karya kumallo sai ya zaga ganuwa. Da an idar da sallar asuba zai ɗauki fartanya da tsohon bokiti ya nufi bayan gari, inda guntun tsohuwar katangar Katagum ya saura a tsaye. Zai bi gindinta a hankali yana tuge ciyawar da ta fito mata a jiki, yana toshe ramin gafiya, yana duba inda ruwa ya fara ci. In ya ga sawun jaki a kusa, to ranar a ƙofar gidan mai jakin zai sha kununsa.

Ni na riski ganuwar nan tana da inuwa. Mutanen ƙauye kan sauke kaya su huta a gindinta ran kasuwa, matan Fulani su jera ƙoren nono, tsofaffi na nuna inda ƙofa take a da. Yanzu duk sanda na taso daga Azare na hango abin da ya rage, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Kuma ba yaƙi ne ya cinye ta ba, mu muka kwashe ta a mangala.

Dalili kuwa, ƙasar tsohuwar ganuwa ta riga ta kwaɓu, ta sha ramno, wato ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini, ta daɗe tana danƙarewa. Jiƙa ta kawai za ka yi ka yaɓa, ta fi sabuwar ƙasa riƙo. Don haka da bazara ta kawo kai, kowa sai ya kora jakinsa bayan gari. Ba wanda ke ganin ɓarna ce, cewa ake kakanni suka gina, jikoki na ɗiba. A haka aka ɗauki Malam Babayo gadi, aka ba shi takardar dokar da ta hana taɓa kayan tarihi. Ya naɗe ta a leda ya sa a aljihu, ya san dai takarda ba za ta tare jaki ba sai shi ya tsaya.

Abin da tsofaffin unguwarmu ba su manta ba shi ne shekarar da bangon ɗakin yayarsa, Adda Dijatu, ya zube ana dab da saukar damina. Mijinta, Malam Hammawa, ya zo da jakai biyu da diga, hankalinsa kwance tunda mai gadin na gida ne. Malam Babayo ya tare shi. Da labari ya kai gida, Adda Dijatu da kanta ta yafa mayafi ta iso.

Ta ce, "Babayo, ni na goye ka. A kan ƙasa za ka bar ni ruwa ya dake ni?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Adda, in na ba ki yau, gobe da wane baki zan hana wani?"

Ta juya ba ta ƙara kallonsa ba. Washegari Malam Babayo ya ari jaki ya fara jidon ƙasa daga kududdufi. Kwana goma sha ɗaya yana haƙa, yana cuɗa ƙasa da ƙafarsa, har ya tayar da bangon ya yaɓe shi kafin ruwan farko. Ta shiga ɗakinta, amma sai da ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Duk sallah yakan je ya durƙusa, ya gaishe ta, ya tashi ya tafi.

Kai ne ka ɗauki wannan fushi, Malam, alhali ba mai kama ka da ka kau da kai na yini ɗaya. Kai ne tun daga ranar ba mai jakin da ya sake kawo maka zancen sanayya. Mun yi maka dariya, mun kira ka mijin katanga, ni ma ina cikin masu faɗa, kuma yau ina jin kunya.

A watan jiya ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, ido ya yi rauni. Ba a kai ga naɗa wani ba tukuna, masu bulo kuwa sun ji labari. Ran Talata suka zo da kura da shebur. Suka tarar da wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin ganuwa, carbi a hannu. Adda Dijatu ce, mai shekara tamanin da ɗoriya.

Ta ce musu, "Ƙanena ya hana ni ƙasar nan, ni da muka sha nono ɗaya. Ku 'ya'yan wa?"

Suka juya da kurarsu babu komai. Da aka kai wa Malam Babayo labari, sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Mun gode, Malam Babayo, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da muke da ƙafa da ido, kada mu bar tsohuwar nan ta ci gaba da zama a rana saboda mu.