Shi Kaɗai Nake da Shi

Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin ƙafa da yawan baki, na bar Damagaram na shiga Najeriya aikin sa kai. Wata ƙaramar ƙungiya mai kula da matasa ce ta kai ni Jalingo. Na tafi da alfaharin ni Bahaushiya ce gaba da baya, ba ni da matsalar harshe. Ashe da sauran karatu a gabana.

Hausar Jalingo ta sha ba ni dariya. Mace za ta wuce a ce "ga shi can yana tafiya". Ni kaina an sha ce mini "Malama, ka ci abinci?" har in waiwaya in ga ko da wani namiji a bayana. Na mayar da gyaran Hausa sana'a, yaran har suka sa mini suna Malama Ta-ce-ba-Ya-ba. Abokin aikina, haifaffen unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo, yakan ce, "Ki bar mu da kayanmu, mun fahimci juna."

Wata Asabar cikin damina muka shirya kai yaran wata gonar lemo da mangwaro a wajen Iware. Da safe muna lodin kuloli a bas, wata mata ta riƙo hannun 'yarta ta zo wurina. Yarinyar ba za ta wuce sha uku ba, shiru-shiru, kullum tana manne da ni. Uwar ta sa hannun 'yar cikin nawa.

"Malama, ka riƙe min shi da kyau," ta ce. "Yana da farfaɗiya. Kar ka bar shi kusa da ruwa, don Allah. Shi kaɗai nake da shi."

Na ce, "In sha Allahu, Mama, amana ce." A raina kuwa har na gyara mata, ita kaɗai nake da ita. Allah dai ya taimake ni ban furta ba.

Mun isa lafiya. Bayan cin abinci abokin aikina da direba suka koma cikin gari neman mai, aka bar mini maza a gindin mangwaro, 'yan matan kuma suka bi wata abokiyar aikina can ƙarshen gona ganin yadda ake auren itatuwa. Ina fama da masu hawa bishiya, sai ga wata tsohuwa da daurin itace a ka ta tsaya a kaina.

"Malama, yaronku ɗaya ya bi hanyar rafi. Ka je ka kira shi, an yi ruwa a kan dutse, rafi yana zuwa."

Na tara mazan nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na nan har da mai kuka an ƙwace masa mangwaro. Na ce mata, "Iya, namu sun cika, wataƙila ɗan ƙauye ne." Ta dube ni, ta yi wata magana da yarensu, ta wuce. Wallahi ko sau ɗaya tunanina bai je kan mace ba. In ina kallon mutum na san yadda zan fassara maganarsu, amma da na ji "yaro" ban ga kowa ba, kunnena gida ya koma.

Sai da la'asar ta kawo jiki, bas ta dawo, yara suka shiga, na ga kujerar da ke kusa da tawa ba kowa. Na tambayi abokiyar aikina ina yarinyar. Ta zaro ido ta ce, "Ba yana wurinki ba? Tun ɗazu ya ce zai zo wurinki."

Yana. Ya ce. A nan maganar tsohuwar ta dawo mini gaba ɗaya, ta haɗu da ta uwar. Ban san sanda na yi salati da ƙarfi ba. Na faɗa wa abokin aikina abin da aka ce mini, nan take ya zura da gudu ya nufi rafi. Na bi shi, takalmina ɗaya ya maƙale a laka na bar shi a can.

Tun kafin mu ga rafin muke jin ƙararsa. Ruwan ya zo jajir da ƙasa, yana tafe da rassa da ciyayi, ya shanye duwatsun da ake zama a yi wanki. A bakin gaɓa muka ga silifas ɗinta guda biyu a jere, da gorar ruwanta. Na ƙwala kiran sunanta har muryata ta dishe. Ba amsa. Na durƙusa cikin laka. Abin da nake gani kawai shi ne hannun matar nan tana sa hannun 'yarta cikin nawa. Da wane baki zan koma Jalingo? Ni baƙuwa, ko dangi ba ni da su a ƙasar, in je in tsaya a ƙofar gidan mutane in ce ruwa ya tafi da ita alhali an zo har gabana an gaya mini? Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba.

Abokin aikina ya fara bin gaɓa yana leƙa ƙarƙashin saiwoyi, direba ya cire riga zai shiga. Muna cikin haka wani makiyayi ya ɓullo ta saman gaɓa yana ɗaga sanda.

"Ku ne masu neman yaro? Yana can, an kwantar da shi."

An kwantar da shi. Na kasa tambayar a raye ko a mace, kuma ba wanda ya tambaya. Muka bi shi ta cikin masara, ina tafiya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban ƙarasa su ba.

A tsakar wani gida muka same ta kan tabarma, an lulluɓe ta da zani, gashinta jiƙe, da ƙujewa a goshi. Idonta biyu. Tsohuwar nan mai itace tana zaune kusa da ita tana ba ta kunu. Ashe da ta ga ban tashi ba, ajiye itacenta ta yi ta bi yarinyar da kanta. Ta tarar ciwon ya buge ta a bakin ruwa, rabin jikinta a ciki, ta jawo ta da ƙafa.

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Na faɗa maka, Malama."

Na ce, "Kin faɗa, Iya." Sai na fashe da kuka.

A mota yarinyar ta raɗa mini abin da ya kai ta. Al'adarta ce ta zo karon farko, ta ɓata mata siket, kunya ta hana ta gaya wa kowa, ta tafi wankewa kafin maza su gani. Na rungume ta, ban sake ta ba har muka shiga gari.

Daga ranar ban ƙara gyara wa kowa Hausa ba. Yanzu in an kawo mini magana, ko da wane irin baki aka kawo ta, tashi nake in je in duba.

Mun iso a makare, iyaye duk sun taru a bakin titi. Uwar ta kutso har ƙofar bas tana leƙen tagogi, ta ga laka a jikina, ta ga ƙafata ba takalmi. Ta ce, "Malama, yana ina?"

Na sauko da yarinyar, na sa hannunta cikin na uwarta.

Na ce, "Ga shi nan, Mama."