Uwar Ƙuda

A gidanmu ba mai kiran babbar yayarmu da sunanta. Uwar Ƙuda muke ce mata, kuma Mama ce ta laƙaba mata shi ranar da ta ji irin aikin da ta samu a jami'a. "Kowa korar ƙuda yake yi," in ji Mama, "ke kuma an ɗauke ki ki riƙa dafa musu abinci."

Ba ƙudan bola ba ne. 'Yan mitsi-mitsin nan ne masu jajayen idanu da ke taruwa a kan ayabar da ta nuna ta wuce. Yaya tana kiwon su a cikin 'yan kwalabe masu toshiyar auduga, jere a kan kantoci har kusa da silin, ɗakin kullum yana warin yis da dafaffen garin masara.

Ni mai gyaran famfo ne, kuma aikin ne ya fara kai ni ɗakin, lokacin da wurin wanke kwalabensu ya toshe. Da na gama, ta ce in zo in leƙa madubinta mai ƙara girman abu. Na ga wani siririn zare a cikin ɗigon ruwa.

"Hanjin ƙuda ne," ta ce. "Kai da ka san bututu, a ina ruwa ya fi yoyo?"

Na ce a mahaɗa.

"To nan ma haka ne. Bangon hanjin nan ƙwayoyin halitta ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. A tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai wasu furotin da ke riƙe da juna kamar matakan tsani. Su ne ke hana abin da ke cikin hanji tsiyayewa cikin jiki. Ni so nake in san wa ke riƙe da wa."

Sai ta ɗauki hantsaki biyu masu tsinin allura, ta zare hanjin wani ƙuda ba tare da ya tsinke ba, tana yi tana tambayata lafiyar yarana. Ɗalibanta sun ce duk sashen ba mai hannunta.

Hannun ne kuma ya fara ba ta matsala. Wata ranar hutu muna gidan Mama, tana zuba mana shayi, sai na ga bakin butar yana bugun kofi. Ta ajiye, ta ce butar ce ta yi nauyi. Daga baya likita ya ce rawar hannu ce, ba za ta kashe ta ba, amma ba za ta tafi ba. Mijinta ya ce ta ajiye aikin ta huta, ta yi mai isarta. Ba ta yi masa musu ba. Ta zauna a gida na wani lokaci, ba ta da aiki sai shayar da fulawoyin tsakar gida, har suka fara ruɓewa don yawan ruwa.

Rannan ta kira ni, ta ce in zo in kai ta wurin aiki, don ta daina tuƙi. A mota na ce, "Yaya, da wane hannun?"

"Da nasu," ta ce. "Ido ai bai yi rawa ba."

Ta sa aka haɗa madubin da talabijin, ta jawo kujera kusa da ɗalibarta. Yarinyar na riƙe da hantsaki, Yaya na kallon allo tana cewa, "Sassauta. Ki kama ta baya. Kar ki ja, bari ya biyo ki." Sun tsinka hanji ba adadi kafin hannun ɗalibar ya faɗa. Yaya ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai dai ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, don kada su kai wa hantsakin cafka.

Abin da za ta iya da kanta kuma ba ta bar wa kowa ba. Takan zuba shuɗin launi a abincin ƙudajen. Mai lafiyayyen hanji, launin a cikinsa kawai yake tsayawa. Wanda mahaɗarsa ta saki kuwa, sai ya rine shuɗi tun daga kai har ƙafa. Da wannan, da hotunan ɗalibanta, suka nuna cewa wasu furotin biyu na mahaɗar, da ta daɗe tana bi, ba sa zama sai tare. In aka cire ɗaya, ɗayan ma ba ya isa wurinsa. Da aikin ya fito a mujallar kimiyya, sunan ɗalibar ta sa a gaba.

Yanzu ta yi ritaya. Ɗalibar nan ita ke riƙe da ɗakin, da nata ɗaliban. Makon jiya na je gaishe da Yaya, na tarar da ita riƙe da waya da hannu bibbiyu, ta manna ta kusa da tabarau. Tsohuwar ɗalibar ce a kan layi, ta turo mata hoton hanjin da wani ɗalibinta ya zare.

"Ya yi kyau," ta faɗa wa mai kiran, "amma ki ce masa ya sake. Ya ja shi da yawa a tsakiya." Sannan ta juyo gare ni, ta ce tunda na zo, in duba mata famfon kicin.